Wanda Ya Yage Shafi na Bakwai

Malamar tarihi ta ba 'yan aji biyar sati uku. Kowa ya zaɓi wani abu da ya taɓa faruwa a garin ya rubuta shafi shida a kansa. Ta ce ba hira da mutane take so ba a wannan zangon. Abin da wasu suka riga suka rubuta take so a tono, a karanta, a auna, kuma duk jimlar da aka aro a faɗi inda aka aro ta.

Auta ta zaɓi gobarar masana'antar sabulu. Kullum ta gaban kangon take wucewa in za ta makaranta, bangonsa baƙi, wata bishiya ta leƙo ta taga. Ta san kakanta na wajen uwa ya yi aiki a can kafin ya rasu. Iyakar saninta ke nan.

A ɗakin kwamfuta, ko minti goma ba ta yi ba ta samu shafuka uku a intanet. Duka bakinsu ɗaya: shekara ashirin da takwas da suka wuce, ranar hutu da rana tsaka, mai kula da sito ya bar risho a kunne ya fita, wuta ta cinye masana'antar, mutum ɗari huɗu suka rasa aiki. Ta kwafe, tana murna aiki ya zo da sauƙi.

Da yamma ta tarar da Mama a kan keken ɗinki, allura a baki.

"Mama, wai wane aiki Kaka ya yi a gidan sabulu?"

Ƙafar Mama ta tsaya. Ta zare allurar daga bakinta. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Aikin makaranta ne."

"Duk abubuwan da suka faru a garin nan, wannan kaɗai idonki ya gani? Sito yake kula da shi. Miƙo min almakashi."

Auta ta miƙa, tana tuna abin da ta kwafe a kan mai kula da sito. Mama ba ta sake ɗago kai ba.

Washegari Auta ta kai wa Malama abin da ta haɗa. Malama ta jera takardun uku a tebur, ta bi su da bakin biro.

"Majiya nawa kika ce kin samu?"

"Uku, Malama."

"Uku ne, ko mutum ɗaya ne ya canza riga sau uku? Karanta min ranar da suka ce an yi gobarar."

"Talatin da ɗaya ga Yuni."

"Yuni kwana nawa ne?"

Auta ta lissafa a gaɓoɓin yatsunta, kunya ta kama ta. Talatin ne.

"Mutum uku ba sa yin tuntuɓe iri ɗaya a wuri ɗaya sai in bin juna suke ido rufe," in ji Malama. "Wani ya rubuta, biyu suka kwafa. Babu suna, babu inda suka ce sun samo. Ki je ki nemo wanda ya fara faɗa, da lokacin da ya faɗa, da yadda aka yi ya sani."

Laburaren gari yana saman wani shagon takalma. Mai kula da shi dattijo ne da ɗalibai ke kira Baba Shiru, don ba ya buɗe baki sai zai ce a yi shiru. Ya karɓe jakarta, ya karɓe biro, ya ba ta fensir, ya sa ta rubuta sunanta a rajista da lambar kundin da take so. Sannan ya ɗauko tsofaffin jaridun shekarar, an ɗinke su wuri ɗaya, ya dire mata ya koma kujerarsa, yana kallonta ta saman gilashi.

A jaridar ɗaya ga Yuli ta sami labarin. Gobarar ranar talatin aka yi. Kanun ya ce: ana zargin mai kula da sito. Ta sake karantawa. Ana zargi. Wani wanda ba a faɗi sunansa ba ne ya ce ya taɓa ganin risho a sitom. A hanya, daga wannan jarida zuwa intanet, kalmar zargi ta faɗi, aka bar laifi tsirara. Layin ƙarshe ya ce an kafa kwamiti, zai ba da rahoto bayan sati biyu.

Ta dinga juya shafuka a hankali har ta kai jaridar sha shida ga wata. A ƙasan shafin farko an rubuta: rahoton gobara, duba shafi na bakwai. Ta buɗe. Daga shida sai tara. Wani siririn gefen takarda ne kawai ya rage a jikin ɗinkin.

"Baba," ta ce, "babu shafin."

Ya taso da saurin da ba ta zaci yana da shi ba. Ya dubi kundin, ya dube ta.

"Kakkaɓe littafinki."

Ta kakkaɓe. Ya sa ta juyo aljihun rigarta, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Hawaye ya cika mata ido. Sai da ya kai kundin bakin taga ya ga gefen da aka yage ya yi ruwan ƙasa, ya tsufa kamar sauran takardar, sannan ya yi gyaran murya.

"Wannan ɓarnar ta girme ki," ya ce. Haƙurin da ya ba ta ke nan.

Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata tsohuwar rajista. Tun da aka ɗinke kundin, mutum uku ne suka nemi a ba su shi. Biyun ƙarshe manya ne, sun rubuta cewa bincike suke yi. Ta farko kuwa wata ɗaliba ce, da rubutu mai karkata hagu. Auta ta san sunan. Ta san rubutun ma, shi take gani kullum a gida, a littafin awon ɗinki.

"Kin san ta?" Baba Shiru ya tambaya.

"A'a," ta ce, ta karɓi jakarta ta sauka.

Kwana biyu tana kallon mahaifiyarta kamar baƙuwa. Me ke cikin shafin da har za a yage shi? In wanke Kaka aka yi, ai bari za a yi kowa ya gani. Ba a ɓoye abu sai in ya fi wanda ke fili muni. Ko ba risho ba ne, da gangan ya sa wutar? Mama ma ta lura. In Auta ta shigo ɗaki sai ta bi jakarta da ido, in ta fita ta tambayi inda za ta, abin da ba ta saba yi ba. Cin abinci ya koma sai ƙarar cokali.

Rana ta uku, Mama na yanka yadi, Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na ga sunanki a rajistar laburare."

Mama ta gama yankan har ƙarshe. Ta ajiye almakashi, ta jawo akwatin da take adana takardun haihuwa, ta zaro wata leda daga ƙasa. Takardar ciki ta sha ninki har ta kusa rabuwa huɗu.

"Karanta da ƙarfi."

Auta ta karanta. Kwamitin ya ce wutar daga tsohuwar wayar lantarki ta tashi, cikin silin. An sami rishon a sito, amma babu ko ɗigon kananzir a cikinsa. Sai dai a sakin layi na ƙarshe an ce mai kula da sito ba ya wurin aikinsa na kusan awa ɗaya, kuma da yana nan, da wataƙila an ga hayaƙin da wuri.

"Ni ya kai asibiti," in ji Mama. "Zazzaɓi ya kayar da ni. Wannan ba su rubuta ba."

"To me ya sa kika yage?"

"Shekarata sha biyar. A makaranta 'yar mai risho suke kirana. Yaran da iyayensu suka rasa aiki ba sa zama benci ɗaya da ni. Na yago don in nuna musu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar nan, babu wadda ta karanta ta kai ƙarshe. Daga baya kunyar mayarwa ta hana ni."

"Mama, mutum biyu sun zo bincike bayanki. Zargin kaɗai suka tarar."

Mama ta sake duban takardar. Da alama wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba.

Tare suka hau matakalar laburaren. Baba Shiru bai karɓi maganarsu haka nan ba. Ya ɗora shafin a kan gefen da ya rage, ya bi yagar da yatsa daga sama har ƙasa, ya duba kwanan wata. Suka haɗu daidai.

"Baiwar Allah," ya ce wa Mama, "an taɓa makara da littafina, amma ke kin ci kowa."

Mama ta rufe fuska da mayafi. Ya ɗauko gam.

Auta ta rubuta shafi shida da rabi. Ta kawo abin da intanet ya ce da inda ya yi kuskure, ta kawo jaridar farko, ta kawo rahoton, har da sakin layin ƙarshe. Zancen asibiti ba ta sa ba, don ba a rubuce ta same shi ba. Ta aika wa masu shafukan nan uku gyara, babu wanda ya amsa.

Malama ta ba ta maki mai kyau, amma a gefe ta rubuta da jan biro: "Su waye 'yan kwamitin? Wa ya naɗa su? Labarin rahoton kika karanta a jarida, ba rahoton ba."

Mama ta karɓi takardun ta karanta a tsaye, leɓenta na motsi. Da ta zo kan jan rubutun ta ɓata rai.

"Wannan malamar taku, har yanzu ba ta yarda ba?"

"Ba cewa ta yi ƙarya ne ba. Cewa ta yi in duba."

"Ke fa? Kin yarda?"

Auta ta ce, "Na rubuta abin da na samu, Mama."

Mama ta dube ta, ba ta ji daɗin amsar ba. Ta zauna ta zura zare a allura, sau biyu yana kuɓucewa.

"A ina ake ajiye irin rahoton?" ta ce.

"Baba Shiru ya ce a gwada ofishin 'yan kwana-kwana."

"Sai ki jira ni ranar Litinin. Ba za su ba yarinya ba."