Ƙwallon Gashin Tsoho Pei

Na buga masa ƙwallon daidai ƙafarsa ta dama, inda yake so, amma Tsoho Pei bai motsa ba. Yana tsaye yana kallo har ya faɗi a kan siminti.

"Yaya Pei, barci kake a tsaye?" na ce da shi.

"Ƙafar ce ta ƙi jin magana. Kama ni, Ƙanwa Dou."

Shekara goma sha tara mu biyar muna haɗuwa a bakin layinmu da sassafe, muna buga ƙwallon gashi da ƙafa, kada a bari ya taɓa ƙasa. Shi ke haɗa mana: tsohon kwabon tagulla mai huda a tsakiya, ɗan ƙyalle, da gashin jelar zakara guda huɗu. Na roba da ake sayarwa a kanti kuwa, cewa yake na malalata ne. Mutum ne mai taurin kai, ni ma ba baya ba, shi ya sa muka daɗe tare.

Kwana tara ya yi a kwance. Ƙofarsa na kallon tawa a tsakar gida ɗaya, don haka ni ke kai masa kunun gero. A rana ta bakwai ya ture kwanon, ya laluba ƙarƙashin filo ya zaro ƙwallonsa, wanda bai taɓa bari wani ya buga ba.

"Idan an sa ni a akwatin gawa, ki sa min wannan a hannu. Matata tana can lahira shekara ashirin ba abokin wasa."

"Ka gaya wa 'yarka mana."

"Ruolan? Tsoro ya yi mata yawa. Ke kuwa ba ki da kunya."

"Kai ma da rashinta ka tsufa," na ce. Na karɓa, na yi masa alkawari.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, Ruolan na riƙe da hannunsa. Aka sa masa kayan auduga da takalmin ƙyalle. Da lokacin rufe akwati ya yi, na matsa da ƙwallon ɓoye a hannuna, kamar zan gyara masa hannun riga. Ban kai ga buɗe yatsunsa ba na ji Ruolan ta damƙe min wuyan hannu.

"Goggo Dou! Gashi ne fa!"

Ba wanda bai sani ba a garinmu: ba a binne mamaci da fata ko gashin dabba, don kada ya dawo duniya a dabba. Ko bel ɗinsa na fata Ruolan ta cire da kanta. Ba mantawa na yi ba. Shi ma ya sani sarai, shi ya sa ya zaɓe ni.

"So kike babana ya dawo zakara?"

"Da taurin kan nan nasa, ai ya dace," bakina ya suɓuce.

Ba wanda ya yi dariya. Kunya ta kama ni, ni da aka ce ba ni da ita.

"Ruolan, alkawari na yi masa. Abu ɗaya tak ya roƙe ni."

"Ni kuma fa? Duk zakaran da na gani an yanka, sai in ce ko shi ne?"

Na duba fuskarta, na ga ba gardama take ba, tsoro ne na gaske. Masu rufe akwati suna tsaye da murfi, babbansu yana duba agogo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga zan saɓa wa mamaci ko in bar wa mai rai fargabar da ba za ta ƙare ba. Na buɗe hannuna na miƙa mata.

Ta jujjuya shi. Sai ta ce da masu murfin, "Kawu, ku ɗan dakata."

Ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta zare gashin ɗaya bayan ɗaya ta ba ni. Ta yago shafi biyu daga kalandar bango, ta ɗauko almakashi ta yanka su siri-siri kamar geza, ta zura ta hudar kwabon, ta ɗaure.

"Haka ya koya min ina 'yar shekara shida," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Lokacin ba mu da kaza."

"To sa masa."

"Wa? Baba? Ai ba zai karɓi wanda ba a gwada ba."

Ta fita tsakar gida cikin fararen kayan makoki, mutane suka dare mata. Ta jefa shi sama. Ɗaya. Biyu. A na uku ya tashi sak har ya wuce igiyar shanya, ya juyo, ya sauka a bayan ƙafarta. Ta tsaya a haka da ƙafa ɗaya, hawaye na zuba, gezar takardar tana ɗan motsi.