Tokar Margaret

Davou ya tura keken guragun zuwa layi na gaba, tayar ta kafe a laka. Margaret ta miƙa sandarta ta ture ganyen da ya lulluɓe wani dutsen kabari, ta karanta, ta girgiza kai.

Tun bazara suke wannan yawo na neman kabari, duk Lahadi bayan coci. Tsohuwa ce, maƙwabciyarsa a unguwar Lozells ta Birmingham, bango ɗaya ya raba su. Kakan mahaifinta daga Jamus ya zo Birmingham yana gyaran agogo. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke aka farfasa wa iyalin shago, 'ya'yansa suka sauya suna, suka daina zuwa kabarinsa, har aka manta inda yake. Ita kuwa abu ɗaya take so: in an ƙone gawarta, a zuba tokar a kansa.

Davou ya gaji. Duk mako yana tuƙa bas, ranar hutunsa kuma ta ƙare a maƙabarta. Matarsa Lovelyn ta ce da gyaɗa suke nema da tuni sun cika buhu. Amma in tsohuwar ta ƙwanƙwasa bango, sai ya tashi ya nemi takalminsa.

"Mama, sanyi ya yi yawa. Mu koma."

"Layi ɗaya, Davou. Kai da kake da ƙafa."

A wannan kusurwar duwatsu masu sunayen Jamusawa ne birjik, wasu sun faɗi, wasu ruwan sama ya cinye rubutunsu. Hukumar birnin ta ce ba ta da wani bayani kan inda kabarin yake.

Ba su sake komawa tare ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ta rasu a asibiti kafin Kirsimeti. Ɗanta ya zo daga Manchester, ya kwashe kayan gidan a gurguje, ya miƙa wa Davou wani ɗan tulu mai ɗauke da tokarta ya ce ai shi ya san inda take so.

Davou bai sani ba. Tulun ya daɗe a kan kabad, har Davou ya daina cin abinci a falon. Ƙona mutum ma bai taɓa kwanta masa a rai ba, balle ya zuba tokarta a kan kabarin baƙo.

Wata safiya Lovelyn ta tsaya a kansa. "A garinku Gyel, ka san kabarin kakanka?"

"Na dai san inda danginmu suke kwance."

"To, me kake jira?"

Ran Lahadi suka je kusurwar Jamusawa ana yayyafi. Davou ya buɗe tulun, ya bi tsakanin duwatsun yana watsa tokar kaɗan-kaɗan kamar mai shuka acca, har kan waɗanda ba su da suna. Lovelyn na biye da shi da lema, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Da ya waiwaya, tokar ta jiƙe, ta yi launi ɗaya da ƙasar.