Kububuwa a Cikin Gora

Bayan farin shekarar saba'in da uku, da yunwa ta ɗan sake mu, wata mota ta hauro duwatsun garinmu, can bayan Dewule, ɗauke da wani likita mai suna Mahaman. Bai kawo hatsi ba, bai kawo allura ba. Macizai ya zo nema. Muka yi dariya har da riƙe ciki, domin kububuwa ce kaɗai abin da muke da shi fiye da bukata. Kowace kaka sai ta sari wani a gona, kuma wanda ta sara ba ya faɗuwa nan take, sai jini ya yi ta tsattsafo masa ta dasashi da hanci har ya ƙare.

A ƙofar maigari likitan ya yi bayani. Ya ce maganin sara da ake kawowa daga waje an yi shi ne don macizan wata ƙasa, shi ya sa ba ya yi wa namu komai. Yana so a yi wanda ya dace da tamu, kuma daga dafinta za a yi shi. Ya nemi wanda zai riƙa kamo masa ita da rai. Kowa ya sunkuyar da kai, sai Isaka, wanda kububuwa ta kashe wansa, shi ya miƙe.

Isaka manomi ne marar yawan magana, amma in ya yarda da abu ya yarda ke nan. Ya sari gwafa, ya nemo babbar gora mai marfi, ya shiga bin duwatsu. Duk wadda ya kawo, likita zai danne kanta, ya sa ta ciji bakin wani ɗan kofin gilashi, dafi ya ɗiga rawaya-rawaya. Wata rana Isaka ya nuna kofin ya ce, "Lokotoro, wanga shi na maganin?"

"Daga cikinai za a yi shi," in ji likita.

Bai yi ƙarya ba. Sai dai bai ga amfanin gaya wa manomi cewa sai an kai dafin wata ƙasa mai nisa, an yi ta ɗirka wa dawakai shi kaɗan-kaɗan, sannan a tace maganin daga jininsu ba. Shi kuma Isaka bai ƙara tambaya ba, don a wurinmu ba a tsare baƙo da tambaya a gaban mutane. Abin da idonsa ya gani shi ya riƙe: ka kawo maciji da rai, likita ya tatsa, magani ya samu.

Motar ta yi 'yan shekaru tana zuwa, sannan ta daina, ba sallama. Isaka bai jefar da gorarsa ba. Duk inda aka yi zancen sara sai ya ce, "In ta sari naku kada ku kashe ta. Ku kama ta da rai ku kai gidan likita na Buza." Mutane su ce to, su juya su tafi wurin mai tofi yadda suka saba.

Sai kakar da ta biyo bayan fari na biyu, shekarar da gero ya yi kyau har muka fara mantawa da wahala. Da hantsi Cima, matar Isaka, ta ɗaga damin gero a gona, kububuwa ta sare ta a ƙafa, ta sulale cikin tarin duwatsun da ke iyakar gonar. Kafin mata su gama salati, maƙwabcinsa Bilal ya iso da amalanken jakinsa.

"Isaka, ɗauko ta mu tahi!"

"Mu tahi da mi? Hannu banza? In munka je, da mi za su haɗa mata magani?"

Ya ruga gida ya ɗauko gwafa da gora, ya durƙusa gaban tarin nan, ya shiga ɗauke duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Bilal ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya zage shi. Mata suka ce za su ɗora ta a amalanke ko da ba shi. Cima ce ta hana su. Tana jingine da gindin aduwa, ƙafar tana kumbura, ta ce, "Ku bar shi. Shi yay yi aiki da lokotoro, ya san abin da shika yi."

Har yau in na tuna wannan zama raina ɓaci yake yi, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Rana ta take tsaka, yatsun Isaka duk sun fashe, kafin ya danne kan abar ya zura ta cikin gora. Ya taso yana murna, Allah sarki, yana ɗaga gorar sama don Cima ta gani.

La'asar ta yi kafin su kai gidan likita na Buza. Majo Halidu, babban ma'aikacin wurin, ya duba ƙafar, ya buɗe bakin Cima ya ga dasashin ya fara jini. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a baranda. Isaka ya biyo shi cikin ɗaki ya miƙa masa gorar da hannu biyu.

"Majo, ga ta nan da ranta. Ita ta, ba wata ba. A tatsa a haɗa mata."

Majo ya ja da baya. Da ya gane abin da ake nufi sai ya zauna a kan kujera. Sannan ya yi masa bayanin dawakai da ƙasa mai nisa, a hankali, yadda ya kamata a ce an yi masa tun farko.

"To ba a yi maganin ba ke nan?" in ji Isaka.

"An yi shi, Baba. Na ji an ce yana da kyau ƙwarai. Amma sanyi shika so, wanda ba ya yankewa, mu kuwa ba mu da kuran, wutar lantarki ke nan. Manya sunka ce a aje shi manyan asibitoci kaɗai. Sai Tawa."

"To mu tahi Tawa."

"Da mi? Motar da ka zuwa can ta tashi tun azahar. Da kun taso tun da hantsi..." Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

Bilal, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango. Jaki ba zai kai ta Tawa da rai ba, su duka ukun sun san haka. Majo ya ce zai ba ta abin rage ciwo, zai kuma aika a nemo mota, amma yadda ya faɗe shi ko shi bai sa rai ba.

Isaka ya fito. Ya rasa inda zai kai gorar, ga marasa lafiya ko'ina, sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya ajiye a bayansa, ya zauna kusa da kan matarsa. Ya sa gefen zanenta ya goge mata jinin da ke leɓenta, wani ya sake fitowa.

"Maigida," ta ce, "sun amsa?"

"Sun amsa."

"Suna haɗawa?"

"Suna haɗawa. Ki yi haƙuri kaɗan."

Kububuwa in ta fusata goga jikinta take yi, ya ba da ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. A daidai nan ta fara, a ƙarƙashin rigar. Isaka ya yi tari don ya rufe ƙarar, ya sake yi, abar ba ta daina ba.

Cima ta juya kanta wajen da ƙarar ke fitowa, ta saurara. Sannan ta dubi mijinta, ta dubi yatsunsa da suka fashe, ta kama su ta riƙe.

"To madalla," ta ce. "Sannu da wahala, Maigida."