Malamin Da-na-sani a Shagon Hoto

Shekara ashirin da bakwai Malam ya yi yana koyar da Turanci, kuma babu darasin da yake ji da shi kamar na yadda ake faɗin nadama. Yakan cika allo da misalai: da na tashi da wuri, da mota ba ta bar ni ba. Har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Da-na-sani, shi kuwa yana ɗaukar abin a matsayin yabo.

Autarsa ce ta bar kwalejin horon malamai ta buɗe shagon ɗaukar hoto. Sanin halin ubanta ya sa ta rubuta masa wasiƙar ban haƙuri da Turanci, shafi biyu cur. Malam ya karanta, idonsa ya cika da ƙwalla, amma hannunsa ya riga zuciyarsa. Ya ɗauko jan biro ya gyara kurakurai tara, ya rubuta shida bisa goma a ƙasa, ya mayar mata. Tun daga ranar, ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa su, ga shi har an shekara biyu. Abin yana cinsa ƙwarai.

Sai ya zauna rubuta tasa wasiƙar. Ya yaga ta ɗaya, ya yaga ta bakwai.

"Gwanin nadama ke nan," in ji matarsa, tana share takardun. "'Ya'yan mutane ka koya wa, taka ta gagare ka?"

"Ke ba ki san nahawu ba."

"Na dai san hanyar shagon."

Ranar Laraba da hantsi ya tafi, ya haddace jimla guda mai kyau tun daga gida. Shagon ɗan ƙarami ne: farin ƙyalle a bango, fitilu biyu masu lema, da kujera maras jingina. Tana ganinsa ta miƙe ta gaishe shi.

Jimlar ta gudu ta bar shi tsaye.

"Baba, hoto za a ɗauka?"

"E... na fasfo," in ji Malam, mutumin da bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba.

Ta zaunar da shi, ta gyara masa wuyan riga, ta koma bayan kyamara. Da ya ga fuskarta ta ɓuya, sai bakinsa ya buɗe, kuma da Hausa zalla.

"Uwata, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Fitila ta walƙa sau ɗaya.

"Bai yi kyau ba, Baba," ta ce. "Sai ka dawo gobe a sake."

Ya leƙa bayan kyamarar. Hoton ya fito tas, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa.

"To," ya ce. "Ƙarfe nawa kike buɗewa?"