Alhaji Hambali da Dinyar Sarki

Da Teema ta ce wa mahaifinta ranar Asabar za su je bakin ruwa, Alhaji Hambali ya ɗauka shan iska ne, irin wanda ake shimfiɗa darduma a fito da soyayyun kaji. Shi ya sa ya caɓa ado da farar shadda har da malum-malum, ya zura takalmin da bai san komai ba sai kafet. Ganin likita ne ya kawo shi Landan daga Kano, ya sauka a gidansa inda 'yar ke zaune tana karatu.

Suna isa gaɓar kogin Thames ta wajen Deptford ya tarar ruwa ya janye, ya bar baƙin taɓo mai warin kwata. Wata Baturiya mai suna Jane, shugabar 'yan sa kai masu kwashe shara a bakin kogin, ta miƙa masa safar hannu da buhu tana murmushi kamar ta ba shi kujerar Makka. Ta yi dogon bayani cewa duk robar nan teku ta nufa, tsuntsu ya ci, kifi ya ci, mutum kuma ya ci kifin. Alhaji ya ce shi dai naman rago yake ci. Sannan ya tambayi Teema ƙasa-ƙasa ko kwasar bola ya turo ta koyo Ingila.

"Daddy, please," kawai ta ce, ta yi gaba.

Ya samu wani dutse ya tsaya a kai yana kallo. Ga gorunan ruwa, ga leda, ga tsumman goge jarirai sun cure sun zama tudu. Abin ya ɗan yi masa daɗi. Shekara da shekaru ana yi wa Kano gorin leda, ashe Turawa a ƙarƙashin ruwa suke ɓoye tasu. Yana faɗin haka a fili wani mutumin Kumasi da ke tsince-tsince kusa da shi ya fashe da dariya. Gariba sunansa, direban bas ne a Peckham.

Gariban ne ya fara hango tsuntsuwar, wata farar dinya mai dogon wuya, kwance a bakin ruwa. Zaren kamun kifi ya naɗe mata fiffike da ƙafa, wani zoben roba kuma ya shige wuyanta. Jane ta buga wa masu ceton dabbobi waya, suka ce suna tafe amma da saura, ga shi ruwa ya fara dawowa. Jama'a suka zagaye ta suna ɗaukar hoto. Alhaji ya dubi ƙirjinta da kyau, ya tambayi Gariba ko ana cin ta.

"Wannan kayan Sarkin Ingila ne, Alhaji," in ji Gariba. "In ka taɓa shi, police zai zo."

Sai dai Alhaji a Haɗeja ya tashi, ya yi kiwon agwagi yana yaro, ya kuma san abin da ake nufi in tsuntsu ya daina fizga ya ajiye wuya a ƙasa. Ya yi tsaki, ya tuɓe malum-malum, ya sauka daga dutsen. Taɓo ya karɓe masa takalmi guda nan take. Bai waiwaya ba. Ya lallaɓa ta baya ya kifa mata rigar, ya rungume ta kamar buhun gero, ya ce wa Gariba ya karɓo almakashi wurin Jane ya bar tsayuwa.

Zaren ya ci cikin nama, sai da suka sha fama. Ana yanke zoben Alhaji ya yaye rigar, yana jiran godiya. Dinyar ta miƙe, ta cafki kunnensa, ta zabga masa fiffike a hanci, ya zauna daɓas cikin taɓo. Ta shige ruwa ko waiwaye babu. Turawa suka yi ta tafi, Teema kuwa dariya har da riƙe ciki.

Ba tasin da ta yarda ta ɗauke shi, sai bas suka hau, yana naɗe da buhunan shara guda biyu. Ya gargaɗi Teema kada uwarta ta ji, ta ce ai bidiyon ya riga ya isa Kano.

Ranar Juma'a Gariba ya kai masa ziyara da shinkafa da wake irin ta Gana a cikin robar takeaway. Alhaji ya zaunar da shi ya yi masa wa'azi mai tsawo kan illar roba ga halittun Allah, sannan ya cinye abincin tas, ya tambaya ko akwai sauran yaji.