Injin da Isyaku ya jira

A shekarar da shingayen jami'an tsaro suka cika hanyoyin Arewa, Malam Isyaku mai sayar da huluna a Shahuci yana da wata tsohuwar Golf, irin mai ƙofa a baya. Tana hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar kunu, amma tana tafiya. Kakanninsa daga Borno suka zo, kuma yayarsa Falmata tana can har lokacin, a wani ƙauye gaba da Damaturu. Mijinta ya rasu, ƙafafunta sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa sai da sanda.

Wata Talata ta bugo masa waya. "Isyaku, mutane sun fara tashi. Maƙwabtanmu sun yi maganar babbar mota, ta ɗaukar shanu. Sun ce in zan bi su, su ajiye mini wuri."

"Motar shanu, Yaya? A sauke ki a ƙofar gidanmu daga cikin kashin dabbobi, ina raye, da mota a hannuna? Mutanen unguwa su ce me? Kada ki bi kowa. Ni zan zo da kaina."

Ta ce to. Haka take tun suna yara, in ya yi magana ba ta ƙara tambaya.

Washegari ya kai motar garejin Maharazu a Ƙofar Ruwa. Maharazu ya buɗe gaba, ya saurari injin, ya goge hannu a riga.

"Malam, za ta kai ka. Ka sa galan biyu na baƙin mai a baya, da jarkar ruwa. Kada ka wuce sittin. In ka tashi bayan asuba, jibi i yanzu kana hanyar dawowa."

"Sittin? A wannan hanyar? In aka biyo ni fa?"

"In aka biyo ka, ko jirgi ka hau sai addu'a."

Isyaku bai yi dariya ba. Ya ji labarin wani injin da ya fi nasa girma, wanda ake sa wa irin motarsa ta tashi kamar an harba ta, kuma tun kafin rikicin yake sha'awarsa. Yanzu ya sami dalili, ya manna wa sha'awarsa sunan yayarsa.

Maharazu ya faɗa masa gaskiya. Babban inji ba ya shiga shi kaɗai. Lagireton da ke ciki ƙarami ne, zai tafasa kafin Wudil. Kulocin ba zai ɗauki ƙarfin ba. Kujerun da inji ke zama a kai sai an canja su, salansar hayaƙi ma haka. "Sannan birki, Malam. Kowa gudu yake tambayata, ba mai tambayar tsayawa. Kuma lambar inji sai ta dace da takardunka, in ba haka ba a shingen farko za a kwantar da kai a rana."

"Kwana nawa?"

"In inji ya iso da wuri, goma."

"A yi."

Akwai yadda ake ciniki a wannan kasuwa. Dillali yakan karɓi tsohon injinka ya rage maka farashin sabon, kuma ba ya aika a ɗoro naka daga Ikko sai ya ga tsohon a shagonsa. Maharazu ya ce a haƙura da ragin, a bar motar da injinta har wancan ya sauka. Isyaku ya ce ai kwana goma ba shekara ba ce. A ranar aka rataya sarƙa aka zaro injin. Kafin Juma'a dillalin ya warware shi, ya sayar da shi gunduwa-gunduwa.

Kwana goma suka wuce, tirelar da ta ɗauko injin tana tsaye a layin bincike. Isyaku kullum yana gareji da takarda a aljihu, yana soke abin da aka saya yana ƙara wani. Ya canja tayoyi huɗu. Ya sa aka ɗinke kujerar baya da sabon yadi, don Yaya ta miƙe ƙafa. Duk yamma yakan kira ta ya bayyana mata lagireto da birki, ita kuwa ta ce, "Allah ya yi albarka. Kayana a ɗaure suke."

A kwana na goma sha shida ya kira, wayar ba ta shiga ba. An yanke layukan yankin gaba ɗaya. Sai a lokacin ya tafi tasha neman motar da zai ɗauka shata. Direbobi suka ce ko nawa zai bayar ba mai wuce Damaturu. Ya dawo gareji ya tsaya a gaban motarsa, yana kallon ramin da inji ya bari, har ana hango ƙasa ta ciki.

Inji ya iso a mako na huɗu. Maharazu ya ajiye duk wani aiki, ya ɗaura shi cikin kwana uku, takardu suka ci wasu biyu. Da aka tayar da motar, ko ƙara ba ta yi sosai. Isyaku ya zagaya da ita ta Kabara, ya taka birki ta tsaya cak, ya nufi gida don ya ɗauki guzuri.

A ƙofar gida ya tarar da wata dattijuwa zaune a dakali, da ƙullin kaya a cinya. Ta ce sunanta Asibi, katanga ɗaya ce tsakaninta da Falmata. Ta yi kwanaki tana tambayar gidan mai huluna a Shahuci.

"Ina Yaya?"

"Mun ajiye mata wuri, Malam. A gaba ma, kusa da direba, saboda ƙafarta. Sau uku na koma ina roƙonta. Ta ce ka hana ta bin kowa, kuma in ka zo ba ka same ta ba za ka sha wahalar banza." Ta gyara mayafi. "Bayan tashinmu da kwana biyu 'yan bindiga suka shiga garin. Wanda ya binne waɗanda aka kashe ne ya kawo mini wannan. A bakin ƙofa ya same ta, kayan suna gefenta."

Isyaku ya karɓi ƙullin. Bai kwance ba. Makullin motar yana hannunsa, injin bai ma huce ba.

Asibi ta dubi motar, sabbin tayoyi, kujera mai sabon yadi.

"Ita ce wannan? Ta sha ba mu labarinta. Ta ce tana tari, tana hayaƙi, yara suna mata dariya, amma ba ta taɓa barin ka a hanya ba."