Fitila Mai Idon Sa

Ni Maharazu, daga Kura har Bunkure babu direban da ya kai ni sanin hanya. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ja mota tun ruwan Tiga bai iso gonakinmu ba. Akori-kura ta taɓa kifewa da ni a kwanar Kadawa, na fito ina karkaɗe riga. Sai ga shi, shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama, dundumi ya so ya yi mini abin da hatsari ya kasa.

Shi tumatir da duku-duku ake fita da shi, in ba haka ba rana ta dafa shi a kwando kafin a kai kasuwar 'Yan Kaba. Wata safiya ɗana Garzali ya tare ni.

"Baba, kawo makullin nan. Jiya saura ƙiris ka zuba mu a kanal ɗin ruwan noman rani."

"Fitilar ce ta tsufa, ba ni ba."

"To a canza ta. In aka canza ba ka gani ba, makulli ya zama nawa."

Na ce na yarda.

Hambali mai gyaran wutar mota, Allah ya yi masa albarka, ya zaƙulo mini fitilu biyu daga wata motar Bature da ta yi hatsari. Gilashinsu dunƙulalle ne, kamar idon sa, wato bijimi. Ya yanke goshin motata, ya yi musu mazauni da walda, ya ja sabuwar waya. Da ya haska bangon garejinsa, sai ga haske ya tsaya a layi kamar an yanka da wuƙa.

Da asuba muka loda kwanduna fam. Ina kunnawa, haske ya tafi can saman mangwaro, tsuntsaye suka watse, hanya kuwa baƙi ƙirin. Garzali ya miƙo hannu, na ba shi makulli. Ranar a kujerar fasinja na je Kano, ni!

Da yamma sai ga Hambali a kan keke.

"Baba, ba idonka ba ne. Babu kaya a motar na saita fitilar. Da aka yi lodi baya ya zauna, goshi ya ɗaga."

Tumatir ba a tsinko ba tukuna, balle a gwada. Ana sallame magariba ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, a taimaka a hau bayan motar Baba, nauyi nake nema."

Datti mahauci ya ce, "Wannan tsohon ko rana aka ɗaura masa a goshi ba zai gani ba."

Na ce, "Tumbinka dai daga Bunkure nake hango shi. Hau tsakiya, kai kaɗai ka yi rabin lodi."

Aka tuntsire da dariya. Dattawa suka tattare riguna suna hawa, har Liman aka kama wa hannu. Garzali na leƙa taya har ya ce haka motar take zama da kaya. Hambali ya durƙusa yana murɗa noti a hankali, layin hasken nan yana saukowa a bangon masallaci, har ya tsaya daidai gwiwar mutum. Babu wanda ya motsa sai da ya ce a sauko. Na dubi jama'a na ce, "Allah ya bar zumunci."

Washegari Garzali ya ba ni makulli ya zauna gefena, idonsa ƙur a kan hanya. Na ga bakin kanal tar, na ga jakin da ya kwanta a kwana tun da nisa, na kauce masa ba ko birki. Kafin gadar Tamburawa na ji munsharin Garzali. Na rage gudu, kada rami ya tashe shi.